Kunkuru Ba Ya Fita Daga Ƙoƙonsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi gyara a kan wani zane da ya fito a shafin yara na jaridarka, inda aka nuna kunkuru ya tuɓe ƙoƙonsa ya jingine shi gefe yana wanka. Na san nishaɗi mai zanen ya nufa, kuma irin wannan hoto ya cika finafinan zane na yara a ko'ina cikin duniya. Sai dai ni ilimin halittu na koyar a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma na ga yadda hoto yake kama zuciyar yaro ya ƙi saki har girmansa. Manya da yawa, cikinsu har da masu ilimi, sun ɗauka kunkuru wata 'yar dabba ce mai kama da ƙadangare da ta samu mafaka ta shige. Ba haka abin yake ba. Ƙoƙon nan shi ne haƙarƙarin kunkuru, shi ne kuma ƙashin bayansa. Duk wanda ya raba shi da shi ya kashe shi.

A ɗakin gwaje-gwajen makarantar da na koyar akwai wani busasshen ƙoƙon kunkuru da na tarar a cikin kabad. Idan muka zo darasin ƙasusuwa, ba na fara cewa komai. Sai in kifar da shi a kan tebur, cikinsa ya kalli sama, in ce ɗalibai su zo su leƙa. Abin da suke gani shi ne jerin gaɓoɓin ƙashin baya ya bi tsakiyar ƙoƙon daga wuya zuwa gindin wutsiya, a manne da rufin, ba ya motsi. Daga kowace gaɓa kuma kan haƙarƙari ya fito ta dama da ta hagu, ya ɗan yi baka, sannan ya narke cikin faffaɗan ƙashi. Yaro ya sa yatsa ya bi sawun haƙarƙarin har bakin ƙoƙo. Daga nan ba sai na yi dogon bayani ba, tambayoyi ne suke zubowa.

Rufin sama ya ƙunshi ƙasusuwa kimanin 50. A yawancin nau'o'in kunkuru akwai faffaɗan ƙashi 8 a kowane ɓangare, waɗanda su ne haƙarƙarin da ya buɗe, da jerin ƙananan ƙasusuwa a tsakiya a kan gaɓoɓin baya, sai wasu kuma da suka zagaye baki, galibi 11 a kowane gefe. Farantin da ke ƙarƙashin ciki yana da ƙashi 9. Na gabansa asalinsu ƙasusuwan da ke haɗa ƙirji da kafaɗa ne, irin wanda mutum yake taɓawa a ƙasan wuyansa, saura kuma masana suna danganta su da siraran ƙasusuwan ciki irin waɗanda kada yake da su har yau. Sama da ƙasa suka haɗu ta gefe biyu, aka bar ƙofa gaba don kai da hannuwa, aka bar ta baya don ƙafafu da wutsiya.

Abin da ido yake gani daga waje kuwa ba ƙashin ba ne. Faya-fayai ne na keratin, sinadarin da aka yi farce da ƙaho da shi. Yawanci 38 ne a sama, 12 a ƙasa. Tsakaninsu da ƙashi akwai siririyar fata mai rai, da jini da jijiyoyi, ita ce take ƙera sabon keratin daga ƙasa. Shi ya sa kunkuru yake jin taɓi a bayansa. Wanda ya taɓa kiwonsa ya san cewa idan aka sosa masa bayan ƙoƙo yakan girgiza jiki ko ya ɗaga ƙafafu.

Akwai wata hikima a nan da nake so mai karatu ya tsaya a kanta. Layin da ya raba faifan keratin da ɗan'uwansa ba ya faɗawa daidai kan layin da ya raba ƙashi da ƙashi. Kowane faifai yana haye mahaɗar ƙasusuwan da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda magini yake jera bulo, ba ya barin tsagar sahun sama ta zo daidai da ta sahun ƙasa. Su kansu mahaɗan ƙasusuwan ba a miƙe suke ba, haƙora gare su da suka sarƙe da juna, ga wani abu mai taushi a tsakani. Idan nauyi kaɗan ne sukan ɗan ba da kai, idan ya yi yawa sai su cije. Da wannan ne ƙoƙo yake jure cizo, kuma ta waɗannan mahaɗan ne yake faɗaɗa yayin da dabbar take girma. Zoben da ake gani a kan kowane faifai shaidar girma ne, amma ƙirga su ba ya ba da shekaru daidai, domin a shekarar wadata zobe fiye da ɗaya kan fito, a tsohon kunkuru kuma duk sun goge.

Yanzu ina roƙon mai karatu ya kai hannu bayansa ya taɓa allon kafaɗarsa. A kan haƙarƙari yake zaune, daga waje. Haka yake ga doki da kaza da kada da ƙadangare. Kunkuru ne kaɗai allon kafaɗarsa yake cikin kejin haƙarƙari. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, domin da wuya a hango yadda ƙashi zai tashi daga waje ya koma ciki a hankali, ba tare da tsokokin da ke riƙe da shi sun tsinke a hanya ba.

Amsar ta fito ne daga cikin ƙwai. Tun a 1848 wani Bajamushe, Heinrich Rathke, ya rubuta littafi a kan yadda ɗan kunkuru yake ginuwa kafin ƙyanƙyasa. A 1989 Ann Burke ta Amurka ta ja hankali ga wani ɗan tudu da yake fitowa a gefen jikin tayin kunkuru, wanda babu shi a tayin sauran dabbobi. Sannan a 2009 Hiroshi Nagashima da Shigeru Kuratani da abokan aikinsu na cibiyar RIKEN da ke Kobe a Japan suka kwatanta tayin kififfiyar ƙasar Sin da na kaza da na ɓera, mataki bayan mataki. A farko duk kusan iri ɗaya ne. Daga baya, a kaza da ɓera haƙarƙari yakan gangara ya zagaye ƙirji. A kunkuru kuwa ba ya gangarawa. Yakan tsaya a sama, ya bazu ta gefe, na gaba ya karkata gaba, na baya ya karkata baya, har ya rufe allon kafaɗa daga sama. Bangon jiki kuma sai ya naɗe ciki daga wannan tudun. Allon kafaɗa bai yi ƙaura ba, haƙarƙari ne ya haye kansa. Wasu tsokokin sun riƙe mahaɗarsu ta asali suka naɗe tare da jikin, wasu kuma suka sami sabon wurin kamawa. A 2013 Tatsuya Hirasawa na wannan cibiya ya ƙara nuna cewa faffaɗan ƙasusuwan rufin daga jikin haƙarƙarin kansa suke tsirowa.

Wannan binciken na ƙarshe yana da muhimmanci saboda wani tsohon ra'ayi da ya daɗe a littattafai. An ɗauka kakannin kunkuru suna da ƙananan ƙasusuwa a cikin fata, irin na bayan kada, sai suka yi ta yawa suna haɗewa har suka manne da haƙarƙari. Ra'ayin yana da daɗin fahimta, kuma babu abin da zai ƙaryata shi a lokacin, domin kunkuru mafi tsufa da aka sani shi ne Proganochelys, wanda Georg Baur ya bayyana a 1887 daga duwatsun Jamus. Ya rayu kimanin shekaru miliyan 210 da suka shuɗe, kuma ƙoƙonsa cikakke ne sama da ƙasa. Yana da ƙananan haƙora a dasashin sama na cikin baki, ba ya iya janye kansa ciki, ƙayoyi ne suke kare masa wuya. Fiye da shekara ɗari masana suna kallonsa suna tambayar abin da ya gabace shi, duwatsu kuma sun yi shiru.

Sai a 2008 Li Chun da abokan aikinsa suka bayyana Odontochelys daga lardin Guizhou na ƙasar Sin, mai kimanin shekaru miliyan 220. Tsawonsa bai wuce santimita 40 ba, yana da haƙora a muƙamuƙi, farantin cikinsa cikakke, amma babu rufin sama. Abin da ke bayansa faffaɗan haƙarƙari ne waɗanda ba su riga sun haɗe ba, da jerin ƙananan ƙasusuwa a tsakiya a kan gaɓoɓin baya, kuma babu ƙasusuwan fata da tsohon ra'ayi yake jira. Ya yi kama da wani mataki da tayin kunkuru yake ratsawa a cikin ƙwai. Na tuna yadda na karanta labarin na kasa zama, domin abin da nake zana wa ɗalibai a allo a matsayin hasashe ga shi an tono shi daga dutse.

Bayan haka samuwa ta yi ta biyo samuwa. A 2015 Rainer Schoch da Hans-Dieter Sues suka fito da Pappochelys daga Vellberg a kudancin Jamus, mai shekaru miliyan 240, ɗan ƙarami mai tsawon santimita 20. Ba shi da ƙoƙo ko kaɗan, amma haƙarƙarinsa faffaɗa ne, idan aka yanka shi a tsaye yana ba da siffar harafin T, ƙasusuwan cikinsa kuma sun yi kauri, wasu sun fara mannewa da juna a daidai inda farantin ciki zai kasance. A 2018 aka sake samun wani a Guizhou, Eorhynchochelys, mai shekaru miliyan 228, tsawonsa ya haura mita 2. Shi kuma yana da baki mai ƙaho irin na kunkurun yau a gaban muƙamuƙi, amma ba shi da rufi, ba shi da farantin ciki. Ke nan sassan kunkuru ba a jere suka zo ɗaya bayan ɗaya ba. Wani reshe ya riga samun baki, wani ya riga samun faranti.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne mafi tsufansu, Eunotosaurus, daga yankin Karoo na Afirka ta Kudu, mai kimanin shekaru miliyan 260. Ba sabon samu ba ne. Harry Seeley ya bayyana shi tun 1892, kuma a 1914 D. M. S. Watson ya ce wannan kakan kunkuru ne, amma aka yi watsi da maganarsa shekaru da dama. Tyler Lyson da abokan aikinsa ne suka farfaɗo da ita, suka nuna cewa haƙarƙarinsa guda 9 a kowane ɓangare faffaɗa ne masu siffar T, har suna hawa kan juna, kuma babu alamar tsokar da ke tsakanin haƙarƙari. Har yau akwai masanan da ba su yarda yana cikin zuriyar kunkuru ba, suna ganin kama ce kawai. Ni dai hujjar masu cewa yana ciki ta fi gamsar da ni, saboda kamannin ba su tsaya ga siffar waje ba, sun kai har ga yadda ƙashin ya ginu daga ciki.

Tambayar da ta fi kowace daɗi ita ce: me ya sa haƙarƙari ya fara faɗi tun farko? Kowa zai ce don kariya. Amma a duba. Haƙarƙari mai faɗi wanda bai haɗe ba, ba ya kare wuya, ba ya kare ƙafafu, kuma yana da tsada ƙwarai. Dabba mai tafiya irin ta ƙadangare tana lanƙwasa jiki dama da hagu don ta tsawaita taku, idan jiki ya sandare sai gudu ya ragu. Kuma da haƙarƙari ake numfashi. Dabbar da ke tsoron maƙiyi ba za ta sayar da gudunta da numfashinta a kan rabin sulke ba. A 2016 Lyson ya kawo amsar cewa tono ne. Eunotosaurus yana da manyan hannuwa, da faratai masu faɗi, da ƙasusuwan dantse masu kauri, irin na dabbobin da ke haƙa rami. Mai tono yana buƙatar jiki tsayayye wanda hannu zai dogara da shi ya ture ƙasa, faffaɗan haƙarƙari kuwa shi ke ba da wannan. Karoo ta wancan zamani tana fama da fari, rami kuma mafaka ne daga zafi da bushewa. Ɗaya daga cikin samfuran da suka ƙarfafa wannan bincike, wanda ya fito da hannuwa da ƙafafu a haɗe, wani yaro ne ɗan shekara 8 ya tsinto shi a gonar mahaifinsa. A matsayina na malami, wannan ya faranta mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Har yau kuma akwai kunkuru masu tono, irin babban kunkurun Sahel da kunkurun gofa na kudu maso gabashin Amurka, masu haƙa rami mai tsawon mitoci.

Na san wasu masu karatu za su ji nauyin maganar miliyoyin shekaru da canjin siffar halitta. Ina girmama su. Abin da zan ce kawai shi ne, ƙasusuwan nan suna nan a gidajen adana kayan tarihi a Stuttgart da Beijing da Afirka ta Kudu, ana iya ganinsu a auna su. Ni kuma duba yadda aka gina halitta bai taɓa rage mini ganin girman Mahalicci ba, ƙara mini ya yi.

To, da yake haƙarƙari ya daskare, yaya kunkuru yake numfashi? Huhunsa yana sama, a manne da cikin rufin. A ƙarƙashinsa akwai tsokokin ciki kashi biyu. Kashi ɗaya yana matse kayan ciki zuwa sama su danne huhu, iska ta fita. Ɗayan yana ja ta wajen kafofin ƙafafu, fili ya ƙaru, iska ta shiga. Motsin hannuwa ma yana taimakawa. Hucin da ake ji idan kunkuru ya janye kai da sauri ba fushi ba ne, iska ce take fita domin kai da hannuwa su sami wuri. Wuyan kansa gaɓa 8 ne, kuma kunkurun duniya sun rabu gida biyu a kan yadda suke naɗe shi: mafi yawa suna janye shi kai tsaye ciki, wasu kuma, waɗanda ake samu a Afirka da Kudancin Amurka da Ostareliya, suna kwantar da shi ta gefe a ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Game da danginsu kuwa, binciken ƙwayoyin gado na 2012 da 2013 ya nuna kunkuru ya fi kusa da kada da tsuntsaye a kan ƙadangare da maciji.

Nau'o'in da ke raye yau sun kai kimanin 360, kuma kowanne ya sarrafa ƙoƙon daidai da rayuwarsa. Kififfiya ta zubar da faya-fayan keratin, ta rufe ƙashinta da fata mai laushi, ta zama shimfiɗaɗɗiya mai saurin iyo. Babban kunkurun teku mai bayan fata ya maye gurbin rufin da dubban ƙananan ƙasusuwa a cikin fata mai kauri, yana nutso fiye da mita 1,000. A Kenya da Tanzaniya akwai wani mai ƙoƙo falale, mai laushi har yana lotsawa, wanda yake kutsawa tsagar dutse ya maƙale. Wasu suna da mahaɗa mai motsi a farantin ciki, suna rufe kansu ruf, jinsin Kinixys na Afirka kuma a rufin sama tasa mahaɗar take, yana sauke bayan ƙoƙo ya rufe ƙafafu. A tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik, na wuraren da ke da ciyawa suna da ƙoƙo mai tulluwa, na busassun tsibirai kuma gaban ƙoƙonsu ya ɗaga sama don wuya ya miƙa ya kai ga ganye.

Akwai wani aikin ƙoƙo da ba a gani da ido, shi ne ya fi nuna cewa abu ne mai rai. A Arewacin Amurka akwai wani ƙaramin kunkurun ruwa, Chrysemys picta, da yake shafe lokacin hunturu a ƙarƙashin tafkin da ƙanƙara ta rufe. Yana iya yin wata uku ko fiye a ruwan sanyi ba tare da iskar shaƙa ba. A irin wannan hali jiki yana tara sinadarin tsami na laktik, wanda da ya kashe wata dabbar cikin ɗan lokaci. Donald Jackson na Jami'ar Brown ya nuna cewa ƙoƙon ne yake sakin sinadaran kalsiyam da magnesiyam cikin jini su kashe kaifin tsamin, sannan ƙashin yana tsotse wani kaso nasa ya ajiye har lokacin ɗumi ya dawo. Jini yana shiga ƙoƙo yana fita a kowane lokaci.

Dalilin da ya sa na tsawaita, ranka ya daɗe, shi ne rashin sanin nan yana jawo cuta. A ƙasashe da dama masu kiwon kunkuru suna huda bakin ƙoƙo su zura igiya ko waya don kada ya ɓata, suna ganin kamar yanke farce ne. Ƙashi mai jini suke hudawa, da ciwo, kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Wasu suna shafa masa fenti, wasu suna sassaƙa suna a kai, yara kuma suna hawa ko su jefa shi don su ga ko zai fashe. Fenti yana iya ɗauke da guba, yana hana faifai girma daidai, kuma yana tona asirin dabbar da launinta ne ɓuyarta. Kunkurun da aka tsare a ɗaki babu hasken rana ba ya samun bitamin D da zai sarrafa kalsiyam, sai ƙoƙonsa ya yi laushi ya karkace. Ga kuma farauta: kunkurun teku mai bakin shaho an yi ta kashe shi saboda faya-fayan bayansa da ake yin mataji da kayan ado da su, har yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1977. Yau fiye da rabin nau'o'in kunkuru suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Idan mota ta taka kunkuru ƙoƙon ya tsage, kada a ɗauka ya gama. Karaya ce, kuma tana ɗoruwa kamar kowace karaya, sai dai tana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kada a cika tsagar da gam ko siminti, domin hakan yana kulle datti a ciki ya hana ƙashi haɗuwa. Kada a saka shi cikin ruwa, tunda huhu yana daf da rufin. A ɗauke shi a kwance yadda yake tafiya, a sa shi cikin kwali mai tsabta a inuwa, a rufe don kada ƙuda ya yi ƙwai a raunin, a kai shi wurin likitan dabbobi da wuri.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Tsohon malamin ilimin halittu